Ɗana Ya Sare Ɗorawar Kakansa Ya Yi Gawayi

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matar aure ce a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Doguwa. Maigidana manomi ne, kuma dattijo ne a ikkilisiyarmu. Babban yaronmu shekararsa 17, yana aji biyar na sakandare. Tun bara da rani ya fara bin samari masu ƙona gawayi. Bana mun tafi biki wani gari, kafin mu dawo ya ɗauko mai injin yanka sun kayar da ɗorawar da ke gonarmu ta gado, wadda kakansa ya bari. Daga ita nake samun kalwar da nake yin daddawa. Ya sayar da gawayin ya sayi waya. Babansa ya yi masa dukan da ban taɓa gani ba, ya ce ya ci amanar Allah. Yaron ko hawaye bai yi ba, sai ya ce, "Baba, da kuɗin me ka biya mini jarrabawar aji uku? Ba marken bakin rafi ka sayar ba? Kuma ai Fasto ya ce duniyar nan ƙonewa za ta yi." Wata biyu ke nan ba sa magana. Yanzu kuma na ji abokansa na shirin shiga dajin Falgore. Ƙannensa biyu suna kallon komai. Mama, sare itace zunubi ne? Yaya za mu koya wa yaran nan kula da abin da Allah ya halitta, ga talauci ya sa mu gaba?

'Yata, na amsa gaisuwarki, sannu kuma da wannan rashi. Wanda bai taɓa kwana yana iza wuta a gindin tukunyar kalwa ba zai ce ai itace ne kawai, wani zai fito. Da bazara a sa gora a kaɗo, yara su sha garin, ke ki ware kalwar ki dafa ta yini da kwana, ki surfa, ki wanke, ki sake dafawa, ki rufe ta kwana biyu ko uku har warinta ya cika gida, sannan ki kirɓa ki mulmula. Ɓawon ma ba a zubar da shi, makuba ce ta daɓe. Kuɗin gishiri da sabulu da baikon Lahadi duk daga nan suke fita. A wasiƙarki kin ba da labarin fushin maigidanki da taurin kan yaron, naki ɓacin ran kuwa ko layi ɗaya bai samu ba, alhali ke aka fi cuta. Ki ajiye wannan a gefe, zan dawo kansa.

Sare itace shi kaɗai ba zunubi ba ne. Da katako Nuhu ya yi jirgi, da itacen al'ul na Lebanon Sulemanu ya gina Haikali, Yusufu mijin Maryamu kuwa masassaƙi ne. Amma Littafi Mai Tsarki bai ɗauki duk itatuwa ɗaya ba. Ki buɗe Maimaitawar Shari'a 20:19-20. Ana maganar yaƙi ne, sojoji sun kewaye birnin abokan gaba, duk da haka aka hana su sa gatari a kan itatuwan da ake cin 'ya'yansu. Wanda ba ya ba da abinci aka ce su sara idan bukata ta kama. Kakanninmu ba su karanta wannan ayar ba, amma haka suka yi: a sassabe gona ƙaƙaf, a bar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka a tsaye. Saboda haka laifin yaronki biyu ne, kuma gara a raba masa su filla-filla, don yaro idan aka haɗa masa laifi dunƙule guda aka ce "ka ci amanar Allah", ba ya gane inda zai gyara. Na farko, ya ɗauki abin da ba nasa shi kaɗai ba, ya kuma jira sai ba kwa nan, wanda ke nuna ya san ba za ku yarda ba. Itacen gado ne, baffanninsa da goggonninsa suna da haƙƙi a ciki. Na biyu, mai 'ya'ya ya kayar. Ɗorawa ba ta fara 'ya'yan kirki sai ta doshi shekara goma, irin wadda kakansa ya bari kuwa sai wanda ya yi tsawon rai zai ga madadinta. Abin takaici, gawayin ɗorawa bai ma kai na kirya ko na marke daraja ba.

Yanzu maganganun da ya mayar wa babansa. Ta farkon gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafi. Ina zaton abin da ya hana maigidanki magana wata biyu ya wuce ɗorawa. Ɗan da ya haifa ne ya tsaya a gabansa ya faɗi abin da ba shi da amsarsa. Yaro mai shekara 17 ya daina jin wa'azi da kunne kaɗai, lissafi yake yi. Ya ga an sayar da marke, kuɗi ya shigo, bukata ta biya, ba wanda ya yi duka, ba wanda ya ambaci amanar Allah. Sai ya bi sawu. Akwai bambanci tsakanin abin da uban ya yi da abin da ɗan ya yi: marke ba abinci yake bayarwa ba, uban da ikonsa ya sayar, kuma makarantar yaron aka biya. Amma marken bakin rafi ne, saiwarsa ce ke riƙe gaɓa kada ruwa ya zaizaye ta, kuma ban ji kin ce an dasa wani a gurbinsa ba. Idan maigidanki zai iya zaunar da yaron ya ce masa, "E, na sayar, dole ce ta sa, kuma ban maye gurbinsa ba, wannan sakacina ne, naka laifin kuma ga shi," to girmansa ba zai ragu da ƙwayar zarra ba. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni har sau biyu, a Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21, kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi, kada su matsa musu har su karai. Dattijon ikkilisiya ya san ayoyin nan sarai. Duka kuwa, a wannan shekarun, ba abin da yake koya wa saurayi sai ɓoye abin da zai yi gobe. Yaron da aka daka bai yi kuka ba, a ji tsoron ranar da zai ɗauki jakarsa ya nufi Kano ko Abuja ba sallama.

Kada ki kai wa maigidan wannan magana a gaban yara, kada kuma ki kai ta da sigar "ai yaron gaskiya ya faɗa". Ki bari sai dare ya yi, ya ci ya huta, ki fara da naki rashin: ki ce ke ce kika rasa kalwa, kuma ba kya son ki rasa ɗa a kai. Idan kin ga maganar ta fi ƙarfinki, ki nemi babban wansa ko Fasto su same shi a keɓe. A keɓe na ce. Kada a kai yaron nan gaban dattawa a sa shi ƙarƙashin horo, ko a tsayar da shi ranar Lahadi ya yi tuba a gaban jama'a. Na ga samarin da aka yi wa haka, ƙofar majami'a ba ta ƙara ganinsu ba.

Magana ta biyu, wai duniya ƙonewa za ta yi, daga 2 Bitrus 3:10 ya tsinto ta, kuma ba shi kaɗai ke fakewa da ita ba, har manya. Ki ce ya ci gaba da karatu, kada ya tsaya a aya ta goma. Ta sha ɗaya tambaya ce: tun da haka abin yake, waɗanne irin mutane ya kamata ku zama? Amsar da Bitrus ya bayar ita ce zaman tsarki da tsoron Allah. Bai ce kowa ya wawuri abin da hannunsa ya kai ba. Zabura 24:1 ta ce duniya da dukan abin da ke cikinta na Ubangiji ne. A Littafin Firistoci 25:23 Allah ya ce wa Isra'ilawa ƙasar tasa ce, su baƙi ne a wurinsa. Tun kafin zunubi ya shigo ma, Farawa 2:15 ta ce an sa mutum a gonar Aidan ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Yaronki ɗan manomi ne, ya san hukuncin gonar aro. Wanda aka ba aron gona yana shuka, ya girbe, ya ci, ya sayar, ba mai ce masa don me. Amma ba ya sa gatari a ɗorawar da ya tarar a ciki. Ya kuma san wata rana mai gona zai ce a ba shi abarsa. Shin sanin cewa aron zai ƙare shi ke ba shi izinin ya ɓata ta, ko shi ke sa ya yi hattara da yadda zai mayar? Ki yi masa tambayar ki yi shiru, ya amsa da bakinsa. (Laifin a nan har da namu masu hawa bagade. Shekara ta zagayo ana wa'azin sama, ba a taɓa buɗe Farawa sura biyu a yi wa manoma bayanin ƙasar da suke takawa ba, alhali kusan duk wanda ke kan benci da fartanya yake ci.)

Sai dai ko kin ci shi da ayoyi, gobe da safe aljihunsa wayam yake, abokansa kuma na kiransa. Ki duba halin da samarin nan suke ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gas da kananzir suka fi ƙarfin gidaje da yawa a birni, aka koma gawayi: matan aure, masu shayi, masu gasa masara, masu guga. Kina ganin motocin da ke bin hanyar Jos zuwa Kano shaƙe da buhuna. Kasuwa ce mai biya nan take, a lokacin rani da ba abin yi a ƙauye. Wahalar kuwa ta yaro ce. Shi zai jera gungume, ya lulluɓe da ciyawa, ya bi da ƙasa, ya kunna, ya kwana yana gadi yana toshe duk inda wuta ta ɓullo don kada itacen ya zama toka, ya shaƙi hayaƙin kwana da kwanaki, sannan ya tone ya ɗura a buhu. A irin wannan ƙonawa ta binnewa, buhu ɗaya na cin itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye. Mai injin ya cire nasa, mai mota ya cire, dillali ya cire, abin da ya rage wa mai hayaƙin shi ne mafi ƙanƙanta. Yaron da ya jure wannan ba rago ba ne. Abin da yake nema shi ne kuɗin da zai ce nasa ne. Tun yana ƙarami yake bin babansa gandu, daga shuka har girbi, amfanin ya shiga rumbu, shi bai taɓa riƙe ko sisi da sunan guminsa ba. Ɗorawar nan a idonsa ta Kaka ce, ta Baba ce, ta Mama ce. Ba a taɓa ce masa tasa ba ce.

To ga shawarata, kuma ba sabuwa ba ce: a yanka masa gayauna. Iyayenmu sun san saurayi idan ya tasa ana ware masa 'yar gona, ya yi aikin gandu da safe, da yamma ya shiga tasa, abin da ya samu nasa ne. Mun bar wannan al'ada don gonaki sun ƙanƙance, sai muke mamakin yara ba su damu da gona ba. Ko kadada ɗaya ba ta samu ba, a ba shi gefe, a nuna masa iyaka a gaban baffansa, a ce amfanin da ke ciki nasa ne, duk itacen da ya raya a ciki kuma nasa ne har abada, ba wanda zai sara ko ya sayar sai da yardarsa, har babansa.

Dalilin da ya sa na dage a kan "nasa ne" labari ne da ya faru kusa da mu, a ƙasar Maraɗi. A farkon shekarun 1980 mishan ta SIM, wadda ta haifi ECWA a nan Najeriya, tana da wani malamin gona ɗan Ostireliya mai suna Toni Rinaudo a can. Aikinsa raba dashen itatuwa, yawancinsu kuwa mutuwa suke yi: rana ta ƙone, awaki su cinye, gara ta gama da sauran. A 1983, yana kan hanya da mota cike da dashe, ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gona. Da ya duba ganyen sai ya ga ashe ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare tuntuni, kututturen da saiwar suna da rai a ƙasa, kowace shekara suna toho, kowace shekara manomi na sassabe su ya ƙone. Gonakin cike suke da irinsu. Ba dashe ake bukata ba, a daina kashe wanda ke ƙoƙarin tashi. Da farko kallon mai taɓin hankali aka yi masa, don a wurin manomi gona mai tsabta ita ce wadda ba ko tsinke. Da yunwar 1984 ta zo, aka riƙa ba da abinci ga wanda ya yarda ya bar itatuwa a gonarsa, mutane suka bari. Da rabon abincin ya ƙare, da yawa suka koma suka sare. Ki lura da wannan. Abin da ya sa aikin ya kama ƙasa daga baya shi ne, a da itatuwa a Nijar na gwamnati ne, ko a gonarka suke malamin daji na iya cin ka tara idan ka taɓa, don haka ba mai sha'awar raya abin da zai jawo masa masifa. Da aka sassauta, manomi ya tabbata wanda ya raya nasa ne, ya sara ya sayar idan ya so, sai abin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Yau ana ƙiyasta kadada wajen miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo ta wannan hanya, da itatuwa kusan miliyan 200. Can suna kiran sa sassaben zamani. Mutanen da tara ba ta hana su sara ba, abinci kyauta bai sa sun bari ba, mallaka ce ta sa suka zama masu gadi. Ban ga dalilin da zai sa zuciyar yaronki ta bambanta da tasu ba.

Aikin kansa ba wuya, ku kuma a kudancin Kano kun fi Maraɗi ruwan sama nesa ba kusa ba, kututture ya fi saurin tashi. Kafin sassabe, shi da babansa su zaga gayaunar su duba abin da ke toho: kalgo, sabara, marke, kirya, taura, kaɗanya, duk abin da Allah ya bari. A kowane kututture zai tarar da tsirrai sun yi cunkus, goma ko ashirin, suna ƙwacen abinci, ba wanda ke girma. Ya zaɓi miƙaƙƙu masu ƙarfi, uku zuwa biyar, ya cire sauran. Waɗanda ya bari ya rage musu rassan ƙasa zuwa rabin tsayinsu. Lauje ko adda ta zama mai kaifi, ya riƙa yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage ya bi jikin itacen. Ya ɗaura musu jan ƙyalle, kowa ya san da mai su. Bayan 'yan watanni ya koma ya sake gyarawa. Da yake tsohuwar saiwa ce mai zurfi ke ciyar da su, girman da za su yi a shekara biyu dashe ba zai kama ƙafarsa ba. Daga nan kowace shekara yana iya sare sanda ɗaya a kowane kututture, ya bar sabon toho ya maye gurbinta. Ga itacen girki, ga sandunan rumfa da na danni na sayarwa, ganyen da ke zuba kuma taki ne, iska ba ta kwashe ƙasar. Ya duba kututturen ɗorawar ma. Idan ya toho, a yi masa haka nan, a kewaye shi da ƙaya.

A nan ke ma kina da naki. Dafa kalwa na cin itace ba kaɗan ba, kuma yaran suna ganin inda itacen ke fitowa. Ki zama mai sayen farko: rassan da ya gyara, ki saya a hannunsa da kuɗi, ko kaɗan ne, kada ki ce ai na gida ne. Ki kuma sa ƙannensa su taya ki gina murhun laka mai kewaye tukunya, wanda iska ba ta kwashe wutarsa. Ya fi duwatsu uku tattalin itace, hayaƙi ma ya ragu a idonki.

Ba zan ruɗe ki ba, itace ba ya biya a shekarar farko, gawayi kuwa a mako yake biya. Idan ba a toshe wannan ramin ba, duk abin da na faɗa zai tashi a banza. Amfanin gayaunar na damina, masara ko waken soya ko abin da ya zaɓa, shi ne kuɗinsa na farko. Na rani kuma, idan da hali, a saya masa ɗan rago ko ɗan akuya bayan girbi ya turke, ya ciyar da harawa da dusa, ya sayar da Kirsimeti ko da Babbar Sallah. Zogale a gefen gida a shekarar da aka shuka shi ake fara cin ganyensa. Wanda ya iya renon dashen mangwaro da gwaiba a leda ba ya rasa masu saye da farkon damina. Amya a kan itace ma kuɗi ce, amma ya koya a wurin wanda ya iya, kada ya ƙone ƙudan da wuta wajen ɗiba. Ɗaya za a zaɓa, wanda shi ya nuna yana so.

Na ce zan dawo kan haƙƙinki. Kada a ƙwace wayar. Ƙwace ta ba zai ta da ɗorawa ba, sai dai ya ƙara masa hujjar cewa a gidan nan ba abin da yake nasa. Amma gafara ba ta hana biya. Zakka da ya tuba, da bakinsa ya ce zai mayar wa waɗanda ya cuta, Luka 19:8. Ki zaunar da yaron, ba da faɗa ba, ku yi lissafi tare: kwano nawa na kalwa kike samu a ɗorawar nan kowace shekara, nawa ake sayar da kwano a kasuwarku, a ninka da shekara goma. Ya buga a wayar tasa ya ga adadin, ya ajiye kusa da abin da dillali ya ba shi. Ba lallai ki ƙara ko kalma ba. Sannan ku yi yarjejeniya: daga amfanin gayaunarsa zai riƙa saya miki wani abu na kalwa duk shekara, gwargwadon ƙarfinsa, kuma zai raya ɗorawa a madadin wadda ya kayar. Ya jiƙa kalwa mai kyau ta kwana, ko ya ɗan kankare bayanta don ta yi saurin tsira, ya shuka a leda da rani yana ba ta ruwa, idan damina ta zauna sosai ya dasa. Ya dasa da yawa don ba duka za su rayu ba, kowace kuma a kewaye ta da ƙaya, in ba haka ba awaki ya yi wa aiki. Baffanninsa da goggonninsa kuwa, da ƙafarsa zai je ya ba su haƙuri, babansa ya raka shi. Rakiyar nan tana iya zama farkon maganarsu.

Falgore kam babu ciniki a kai. Gandun daji ne na gwamnati, sara a ciki laifi ne, wanda aka kama gidan yari na iya jiransa. Ke da ke Doguwa ba sai na ba ki labarin irin mutanen da suka sha fakewa a dajin nan ba, yaro da gatari a ciki yana iya faɗawa hannunsu, ko jami'an tsaro su ɗauke shi a matsayin ɗayansu. Ki faɗa masa haka ƙarara, ki kuma sanar da iyayen sauran samarin, ko da za a ce kin cika baki. Idan ya tambayi abin da ya dame shi da dajin gwamnati, ki tuna masa Kogin Kano ta nan yake ratsawa kafin ya zuba a madatsar Tiga da aka gama a 1974, ruwan Tiga kuma shi ke shayar da shinkafa da tumatir da alkamar Kura da Kadawa da Bunkure, inda samarin ƙauyukanmu ke zuwa cin rani. Idan aka tsiraita dajin, ƙasa ce za ta bi ruwa ta je ta cike madatsar.

Itacen da ya raya ba zai tsira ba idan shi kaɗai ya san da zancen. Maigidanki ya shaida wa mai unguwa, ya kuma je wurin ardon Fulanin da ke kiwo a wajenku da rani, a yi magana ta mutunci: ga itatuwa masu jan ƙyalle, a bar su, idan sun girma za a yi ciniki a kan ganye. Maƙwabtanku Musulmi ba baƙin wannan magana ba ne, a wurinsu wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce aka rubuta masa. A ikkilisiya kuma, ki kai maganar Zumuntar Mata ba tare da kin ambaci ɗanki ba, don na tabbata ba ke kaɗai ce aka kayar wa ɗorawa ko kaɗanya ba. Idan matasa za su yi gayya a gonar Fasto ko filin majami'a, a gwada gyaran kututturen a can, a sa yaronki ya nuna wa sauran yadda ake yi. Saurayi yana son a ce ya iya wani abu.

Mai yiwuwa maigidan ya ce ba zai saka wa mai laifi da gona ba. Kada ki yi gardama, ki ba shi mako biyu ko uku, ki sa wansa ya sake taɓa masa maganar. Idan har lokacin sassabe ya matso bai sauko ba, ki nemi izininsa ki yanka wa yaron gefe a taki gayaunar, da sharuɗɗan nan duka, har da biyan kalwar. Ƙannen kuma kada a jira su kai 17. Kowannensu a nuna masa kututture biyu ko uku tun bana a ce nasa ne. Ki rubuto mini bayan kaka in ji inda aka kwana. Ubangiji ya ba ki hikima, ki gaishe mini da maigidan.